Direba da Na'urar da Ke Taya Shi Tuƙi

Mun daɗe muna jin ana yabon motocin da ke taka burki da kansu, har su riƙe sitiyari. To, a watan Mayu na 2016, a jihar Fulorida ta Amurka, wata motar Tesla ta kutsa ƙarƙashin tirelar da ta gitta hanya, direbanta ya rasu. Na'urar ta kasa bambance farin jikin tirelar da hasken sama, shi kuwa ya riga ya sakankance ya sakar mata tuƙi.

A ganinmu tun daga suna aka yi kuskure. Ina dalili a raɗa wa abu Autopilot, watau mai tuƙa kansa, sa'an nan a ce wa mutum kada ya ɗauke ido daga hanya? A Disamban 2023 sai da kamfanin ya yi wa motoci wajen miliyan 2 gyara, ya ƙara musu gargaɗi.

Mu da za mu gaji irin waɗannan motoci bayan sun tsufa a Turai, abin ya fi shafarmu. Kyamararsu layin fenti take bi, hanyoyinmu kuwa da yawa ba su da shi. Lalle ne mota ta sanar da direba, da ƙara mai ƙarfi, duk lokacin da ta daina gani.