Ina Sauran Wasannin Shu'aibu Maƙarfi?

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin Hausa, ko a Dutsi ne ko a birnin Daura, da wuya a ce bai ji sunan Malam Shu'aibu Maƙarfi ba. Sai dai in aka ce ya kawo ayyukansa, biyu zai lissafa ya tsaya, wato *Zamanin Nan Namu* na 1959 da *Jatau Na Kyallu* na 1960. Haƙiƙa wannan awo ya yi wa mutumin kaɗan.

Shi dai Maƙarfi don kunne ya fara rubutu. A gidan rediyo na Kaduna aka riƙa gabatar da wasanninsa kafin waɗansu su shiga ɗab'i. Shi ya sa zancen mutanensa yake da ɗanɗanon bakin kasuwa, ga habaici, ga karin magana, ga baƙar magana irin ta tsakar gida. Masu cewa wa'azi ya yi wa wasanninsa yawa suna da hujja, domin kuwa labarin Malam Jatau, attajirin da ya auro karuwa ta tsiyata shi, gargaɗi ne ƙuru-ƙuru, kuma an ɗora wa Kyallu laifin da rabinsa na Jatau ne. Amma a sa yara su ɗauki muryoyin nan su faɗa a bainar jama'a, a ga ko wani zai yi gyangyaɗi. Ai mutanen da suka saba da tashe a watan azumi ba baƙin wannan abu ba ne.

To, aibin rediyo shi ne magana in ta fita iska ta ɗauke. Manomin Dutsi da ya saurara da dare ya yi dariya, gari na wayewa ba shi da komai a hannu.

Ingila ma ta taɓa tsayawa a bakin irin wannan asara. Shakespeare ya rasu a 1616, sai a 1623 abokan wasansa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka tattara wasanninsa 36 a kundi guda. Sha takwas daga ciki ba a taɓa buga su ba kafin nan, har da wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara da sunan *Daren Sha Biyu* a 1971. Ashe da waɗannan mutane biyu sun yi sakaci, da babu abin fassarawa.

Saboda haka aikin yana wuyan sassan Hausa na jami'o'i. Maimakon a yi ta jujjuya jigo da salon littattafan nan biyu kowace shekara, ya kamata a tura ɗaliban ajin ƙarshe Kaduna, su bincika ma'ajiyar gidan rediyo da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, su kuma nemi iyalan waɗanda suka yi wasannin. Takardar da aka buga da tafireta kafin 1960 ta haura shekara 60, gara kuwa ba ta jiran a gama taron kwamiti.