FILIN MAI GYARA: In Kan Babur Ya Soma Rawa

A wannan wata mun sami wasiƙa daga wani magidanci a Zango, ƙasar Daura. Ya ce ɗansa ya sayi babban babur na hannu, irin na masu tsere. Ran nan yaron yana kan hanyar Daura zuwa Kazaure, ya sassauta totur, sai kan babur ya kama kaɗawa dama da hagu kamar zai ƙwace daga hannunsa. Da ƙyar ya tsaya. Uwar yaron ta ce lalle a sayar da babur. Uban yana tambaya, wannan ciwo yana da magani?

Malam, yana da magani. Amma kada yaron ya sake hawa sai an gano dalili.

Wilin gaba a kan wuya yake juyawa. In rami ko dutse ya kautar da shi, shi da kansa yake komowa tsakiya. Idan wani abu ya lalace, sai komowar ta zarce, ya wuce zuwa ɗaya gefen, ya sake dawowa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Babur na tsere ya fi saurin kamuwa, gama an yi wuyansa a tsaye domin ya sha kwana da sauri. Amma Boxer da Jincheng na 'yan acaɓa su ma suna yi. Ga yadda za a bincika, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na fari, iska. A auna ta da ma'auni tun da safe, taya tana da sanyi. Matsawa da yatsa ba awo ba ne. Adadin da ya dace yana cikin littafin babur, sau da yawa kuma an liƙa shi kusa da sarƙa.

Na biyu, tayar kanta. Shafa ta da tafin hannu. In ka ji tudu da kwari, ko gefe ɗaya ya fi cinyewa, ta gama aiki. A jikin yawancin tayoyi akwai lambobi huɗu masu nuna lokacin da aka yi su: 2319, wato mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya takan bushe ta tsattsage a zafin ƙasarmu, ko da zanenta bai goge ba.

Na uku, wili. A ɗaga gaban babur, a riƙe alli kusa da bakin wili, a juya shi. In allin ya taɓa nan bai taɓa can ba, wilin ya karkace. In mai wayoyi ne, a ƙwanƙwasa su ɗaya ɗaya da sifana. Wadda ta saki ba ta ƙara. Sa'an nan a kama wilin sama da ƙasa a girgiza. In ya yi motsi, boris ya ci.

Na huɗu, wuya. Nan ɓarawon ya fi ɓuya. Gaban yana ɗage, a juya kan a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Ya kamata ya tafi sumul. In ya ɗan maƙale a tsakiya, boris na wuya ya yi rami, sai sabo. A kama ƙafafun gaba daga ƙasa, a ja gaba da baya. In an ji ƙwas-ƙwas, ya saki, sai a ɗaure. Amma kada a matse shi ƙwarai, gama wuya mai tauri shi ma yana sa babur yawo a hanya.

Na biyar, shokozoba na gaba. In mai yana tsatsa daga ɗaya, ƙafafun biyu ba sa aiki daidai. Babur na hannu kuwa wataƙila ya taɓa karo, ƙafa ta lanƙwashe. Wannan aikin bakanike ne.

Na shida, a duba baya. In an ja sarƙa ba a daidaita alamun gefe biyu ba, wilin baya ba ya bin sawun na gaba. Kaya ma haka. Dubi masu komowa daga kasuwar Mai'aduwa, buhu biyu a kariya, ga mutum a bisa. Nauyi ya koma baya, tayar gaba da ƙyar take taɓa ƙasa.

A gyara abu ɗaya, a gwada a hankali inda ba jama'a, kāna a taɓa na biyu. Akwai wani ƙarfe mai mai a ciki da ake ɗaura wa baburan tsere don ya rage kaɗawar kai. Yana da amfani, amma sa shi a kan boris da ya mutu rufe gyambo ne da riga.

In rawar ta same ka a hanya fa? Kada ka damƙe birkin gaba. Kada ka yi kokawa da kan. Matse tanki da gwiwoyi, ka ɗan sunkuya gaba, ka sassauta totur sannu sannu har gudu ya ragu, ka sauka gefe.

Ga saurayin kuma ina cewa, ɗana, sa hular kwano. Tun ran 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta soma tilasta ta. Babur yana da kayan gyara a kasuwa, kanka ba shi da su. Ga mahaifiyarsa kuwa, Mama, tsoronki yana da dalili. Ki sa a yi binciken nan a gaban mahaifinsa. In an gama duka shida kan bai daina rawa ba, to, maganarki ta tabbata, a rabu da shi, a kuma faɗa wa mai saye gaskiya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.