Ba Kishiya Kaɗai Ke Sa Hawan Jini Ba



Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na Hausa ya san yadda abin yake zuwa: Hajiya ta yanke jiki ta faɗi, an kwashe ta sai asibiti, likita ya ce jininta ne ya hau saboda yawan tunani. Da ka bi diddigi sai ka tarar kishiya ce, ko 'ya ta ƙi zaɓin iyaye. Ni kuwa a ganina mun tsallake babban abin da ke hana mata barci a gidajenmu, wato lissafin kuɗi. Zubin adashi ya zo, mai atamfa ta aiko, kuɗin makaranta na jira, ga kuɗin cefane bai kai ko'ina ba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo.

Likitoci sun tabbatar damuwar da ta daɗe tana hana barci, tana sa ciwon kai da faɗuwar gaba, tana kuma taimaka wa hawan jini. Abin takaici, ba a kan uwa kaɗai yake tsayawa ba. Uwar da ta kwana tana lissafin bashi, da safe yaro ya zubar da koko sai ya sha dukan da ya fi ƙarfin laifinsa. In zazzaɓi ya kama shi, a ce bari a gani zuwa gobe don babu ko sisi a ajiye, alhali zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran gobe a jikin ƙaramin yaro.

Na san wata za ta ce, ai talauci ne, ilimi ba ya ƙara yawan kuɗi. Gaskiya ne, kuma ciyarwa da magani haƙƙi ne a wuyan maigida, ban ɗauke masa ba. Amma kuɗi nawa ne suka shigo hannun mata suka zurare saboda rashin sani? A watan Disambar 2016 MMM ta rufe da kuɗin jama'a, a watan Afrilun 2025 CBEX ta maimaita, duk da alƙawarin ninka kuɗi cikin ɗan lokaci. Macen da aka koya wa cewa babu halastacciyar sana'a mai irin wannan riba ba za ta sayar da sarƙarta ta zuba ba. Haka bashin waya, wanda ake karɓa cikin minti biyar, in an gaza biya a bi lambobin dangi da surukai ana tozarta mutum. Wannan kunyar kaɗai ta isa ta kwantar da mace. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi, mun ga wahalar da matan da ba su da asusun banki suka sha da tsofaffin takardunsu a hannu.

Ilimin da nake nufi ba sai an je jami'a ba. Mai ƙosai ta san uwar kuɗi daban riba daban, kada anko ya cinye jarin. Ta ware wani abu kullum, ko naira ɗari biyu ce, a asusun da ba a fasawa sai don rashin lafiya. A wata guda ta tara dubu shida. Kada ta shiga adashi uku alhali ƙarfinta na ɗaya ne. Ta rubuta abin da ta ba da bashi da wanda ta ci, ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Mai gudun kuɗin ruwa kuma ta san akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Wadda ta san abin da ke hannunta da abin da ake bin ta, ko kaɗan ne, hankalinta ya fi kwanciya a kan wadda kullum sai dai a yi mata ba-zata, kuma 'ya'yanta su ne farkon masu cin moriyar wannan kwanciyar hankali.

Don haka ina kira ga malaman Islamiyyun matan aure su ba wannan darasi ko rabin sa'a a mako. Iyaye, yadda muke koya wa yarinya girki kafin aure, mu koya mata riƙon kuɗi. Mu kuma marubuta, mun gaji da tauraruwar da Alhaji ke miƙa wa bandir ɗin 'yan dubu-dubu. A ba mu wadda ta fara da mudun wake ta riƙe gidanta, domin mata da yawa daga littafi suke ɗaukar darasi. Hausawa dai sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.