Keken Gudu Da Jariri: Amfaninsa Da Sharuɗɗansa

A garin Yakima, cikin jihar Washinton ta ƙasar Amurka, an yi wani ɗan jarida mai suna Phil Baechler, mai son gudun motsa jiki. Da aka haifa masa ɗa, sai raino ya nemi raba shi da gudun. Maimakon ya haƙura, sai ya ƙera keken tura jariri mai ƙafa uku manya, da tayoyin iska irin na basukur. A shekarar 1984 aka fara sayar da shi da sunan Baby Jogger, yau kuwa kamfanoni da yawa suna ƙera irinsa.

Waɗansu za su ce wannan almubazzaranci ne na Turawa. A ganina ba haka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kowane baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, har da mata masu ciki da waɗanda suka haihu, in babu wata larura. To, malami ko akawu da ke wuni a kan kujera, da matar da raino ya tsare a gida, ina za su sami wannan lokaci? Hikimar keken ita ce haɗa aiki biyu, watau raino da neman lafiya, kuma uba yana iya tura shi kamar yadda uwa za ta iya.

Amma fa akwai sharuɗɗa, wanda ya ƙetare su kuwa ya sa ɗansa cikin haɗari. Na farko, kada a yi gudu da jariri sai wuyansa ya yi ƙwari, yana iya riƙe kansa. Likitoci sukan ce a jira ya kai wata 6 zuwa 8, domin jijjiga tana iya yi wa ƙaramin jariri lahani. Na biyu, keken turawa na yau da kullum mai ƙananan ƙafafu ba na gudu ba ne. Na gudu yana da sifirin mai rage girgiza, kuma lalle a kulle ƙafarsa ta gaba kafin a soma, don kada ta karkace keken ya kife. Na uku, a ɗaure yaro da maɗaurinsa a kafaɗa da ƙugu, mai turawa kuma ya ɗaura igiyar keken a wuyan hannunsa saboda gangara. Na huɗu, a guji rana tsaka, kada kuma a lulluɓe keken da mayafi, gama zafi yana taruwa a ciki. Ita kuma mai jego, kada ta soma gudu sai likita ko ungozoma sun yarda.

Wanda ba shi da halin sayen keken kada ya damu, kada kuma ya ci bashi don burga. Tafiya da sauri da goyo a baya ita ma motsa jiki ce, sai dai ba a gudu da goyo. Abin da ya kamata malamai da akawuna su ɗauka shi ne, haihuwa ba dalilin barin kula da jiki ba ce. Yaro yana bukatar iyaye masu lafiya da za su ga girmansa. Allah ya raya mana zuriya, amin.