Joe Meek: Gwanin Sauti, Mai Jini a Hannu

Joe Meek bai iya kaɗa komai ba, bai iya karanta rubutun kiɗa ba, kuma waɗanda suka yi aiki da shi sun shaida cewa in ya rera waƙa sai an yi ta lalube kafin a gano karin da yake nufi. Amma shi ne ya haɗa “Telstar” a 1962, kiɗan da ya sa ƙungiyar Tornados ta zama ƙungiyar Ingila ta farko da ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Amurka.

An haife shi a 1929 a garin Newent. Tun yana yaro kwance rediyo ne sana'arsa, daga baya ya yi aikin na'urar hangen jirage a rundunar sojan sama, sannan ya zama injiniyan sauti a Landan. A wancan zamani injiniyan sauti a Landan ma'aikaci ne kawai: ya kafa makirfo, ya ɗauki abin da aka kaɗa, ya ja bakinsa. Meek ya ce bai san zancen ba. A 1956 ya matse sautin fiyano da ganguna a “Bad Penny Blues” na Humphrey Lyttelton, abin da masu kiɗan jaz suke gani kamar saɓo, sai ga faifan ya karɓu.

Daga 1960 ya koma gidan haya mai lamba 304 a titin Holloway, saman wani shagon kayan fata. Wayoyi ko'ina, mawaƙi a banɗaki don amsa-kuwwa, masu goge a kan matakala. Bugun da ake ji a “Have I the Right?” na Honeycombs, wanda ya zo na ɗaya a Ingila a 1964, har da ƙafafun 'yan ƙungiyar suna dukan katakon bene, an liƙa makirfo a jikin abin dafawa na matakalar. Duk matashin da yau yake kulle kansa a ɗaki da kwamfuta yana haɗa kiɗa, a Landan ne ko a Kano, kan turbar Meek yake, ko da bai taɓa jin sunansa ba. A nan ba ni da ja.

Inda nake ja shi ne yadda ake ba da ƙarshen labarin. Bashi ya yi masa katutu, domin wani mawallafin kiɗa ɗan Faransa, Jean Ledrut, ya kai shi kotu kan zargin satar karin “Telstar”, aka riƙe kuɗinsa. Ga ƙwayoyi, ga zargin da yake yi cewa ana satar sauraronsa. Ranar 3 ga Fabrairu 1967 ya harbe mai gidan, Violet Shenton, sannan ya harbe kansa. Makonni 3 bayan haka kotu ta wanke shi.

Masoyansa kan daɗe suna jimamin makonnin nan 3, su wuce matar da jimla guda. An yi fim a kansa, an kafa lambar yabo da sunansa a 2009, wadda Brian Eno ya fara karɓa. A bangon gidan an kafa allo mai cewa nan ya zauna, ya yi aiki, ya mutu. Mutum biyu ne suka mutu a gidan nan, kuma ɗayar ba ta zaɓa ba. Ya kamata a sauke allon a ƙara sunanta.