Me Ya Sa Yaranmu Ke Zama Ƙasan Aji A Firamaren Gwamnati?

A watan Nuwamban 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin koyar da yaran firamare da harshen uwa, tsarin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2022 lokacin Adamu Adamu. Yanzu Turanci ne harshen koyarwa. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai, amma mu mazauna kudu ya kamata mu tambayi kanmu: da tsarin farko da na yanzu, wanne ne ya taɓa tunawa da yaron Sabo ko Agege? Babu ko ɗaya. A nan harshen gari Yarabanci ne, a Legas ma tun 2018 doka ta wajabta koyar da shi a makarantu. Yaronmu ya tashi da Hausa a gida, Larabci a allo, sai ya shiga aji ya tarar da harsuna biyu da bai iya ba.

Ni ɗan mai sayar da shanu ne, a Agege na tashi, firamaren gwamnati na yi, ƙannena ma can suke yanzu. Duk wanda ya leƙa irin waɗannan makarantu da ke kusa da unguwanninmu ya san su wa ke ciki. Masu hali, Yarabawa ne ko Hausawa, sun kwashe 'ya'yansu sun kai makarantun kuɗi. Waɗanda suka rage su ne 'ya'yan direbobi, masu talla, mahauta, 'yan dako, masu gadi, da baƙi daga Nijar da Binin. A aji ɗaya da aji biyu namu suna da yawa. Kafin a kai aji shida sun ragu, 'yan mata kuwa sai an duba da kyau. Ranar karɓar sakamako kuma sunayen Musa da Hauwa sun fi yawa daga ƙasan takarda.

Wasu na cewa yaranmu ba su da kan boko. Wallahi wannan ba gaskiya ba ne. Yaron da ya haddace izu biyu kafin ya kai shekara goma, yake lissafin canjin kwastoma da ka ba tare da biro ba, ba a ce masa daƙiƙi. Ni abubuwa uku nake gani.

Na farko shi ne harshe. Abokin zamansa Bayarabe in bai gane Turanci ba, malama za ta juya masa da Yarabanci. Namu sai dai ya yi shiru ya kwafi abin da ke kan allo. Shekara biyun farko, lokacin da ake koyon haɗa baƙi, haka suke wucewa. Wanda kuma bai iya karatu a aji uku ba, lissafi ma zai kayar da shi, tunda tambayar a rubuce take zuwa.

Na biyu, makara wajen shiga. Ana so yaro ya fara aji ɗaya yana shekara 6. Mu sau da yawa sai ya kai tara ko goma, musamman wanda aka kawo daga gida arewa. Ya zauna cikin ƙanana yana jin kunya, ya kai sha uku yana aji huɗu, sannan kara ta fara kiransa, tunda can ana samun na kashewa kullum.

Na uku, fashi. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa cikin zango na uku, zangon da ake jarrabawar wucewa aji na gaba. Lokacin ne kasuwar raguna ke ci, sai a ɗauke yaro mako biyu yana ba dabbobi ruwa da dusa. Bayan Sallah a tafi gida ganin dangi, a ƙara wata guda. Malama ba za ta tsayar da aji don mutum ɗaya ba. Ga kuma tashin hankali irin na kasuwar Sasa a Ibadan a Fabrairun 2021, inda iyalai suka watse, karatun yara ya yanke a tsakiyar shekara.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, ba ta ware ɗan gari da baƙo ba. Muna biyan kuɗin shiga a kara da mayanka kullum, don haka ba alfarma ake yi mana ba. Sai dai haƙƙi yana son mai bin sawunsa. Makarantun gwamnati suna da taron iyaye da malamai, da kwamitin kula da makaranta da ake sa mutanen unguwa a ciki. Mu nawa ke zuwa? In ba ma wurin, wa zai ce a nemo mai jin Hausa ya taimaka a aji ɗaya?

Akwai abin da za mu iya ba tare da jiran Abuja ko Alausa ba. Islamiyyunmu na yamma su ware rabin awa su koya wa yara karatun Hausar boko, domin wanda ya iya haɗa baƙi da harshensa, Turanci ba ya ba shi wuya sosai. Sarakunan Hausawa da shugabannin kara su naɗa matashi mai sakandare a kowace unguwa, ya riƙa zuwa taron makaranta yana fassara wa iyaye. A yi wa yara takardar haihuwa da wuri, a sa su a kan lokaci. Tafiya gida kuma a bari sai dogon hutun Agusta.

Iyayenmu ba sa barin saniya ta kwana ba a ƙirga ta ba. To, sakamakon zangon nan in ya fito, kowa ya karɓi na ɗansa ya duba layin da aka rubuta kwana nawa ya zo makaranta, kafin ya duba na nawa ya zo.