Tambarin da za a gane da kallo ɗaya

Duk wanda ya tsaya minti goma a rumfar mai POS a Rano ko Kibiya zai ji yadda ake kiran manhajojin kuɗi. Dattijo zai miƙa wa yaro waya ya ce, "Duba min a koren nan," yana nufin OPay. Wata za ta ce shuɗin, wato Moniepoint. Cikakken sunan kamfani yana can a takardun rajista. Abin da ya iso ƙauye launi ne da ɗan zanen da bai fi farcen yatsa girma ba.

Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin kuɗi ya tilasta wa manoma da 'yan tireda komawa tura kuɗi ta waya, wannan ɗan zanen ya zama ƙofar asusun mutane. Da yawansu sun yi karatun allo, amma boko bai zauna musu ba. Da tambari suke gane inda za su taɓa. Idan ya rikice musu, kuɗinsu ne a cikin haɗari.

Wannan ba baƙon abu ba ne a kasuwar Bahaushe. Uwargida kan aiki yaro ya sayo mata Maggi mai tauraro, mai rediyo kan nemi batir mai kan damisa. Ranar zaɓe kuwa tsintsiya da lema ake nema a kan ƙuri'a kafin a nemi haruffan jam'iyya. Dagin Arewa ya daɗe a jikin soraye da wuyan riguna, kuma babu mai buƙatar a rubuta masa sunansa a ƙasa. Abin da ya haɗa su duka shi ne siffa ɗaya tak, wadda ba ta sauyawa.

Mutanen Rano suna da misali a gida. Kamfanin mai na A.A. Rano, na Alhaji Auwalu Abdullahi Rano, ya ɗauki sunan garin ya kai shi manyan titunan ƙasar nan, daga baya kuma jiragen Rano Air suka fara jigilar fasinja a 2023. Suna ne gajere, mai sauƙin faɗa a bakin Bahaushe da wanda ba Bahaushe ba, kuma direban da ke gudu a hanyar Kano zuwa Zariya yana gane gidan man tun daga nesa. Allon waya ma haka yake: mai kallo ba ya ba shi fiye da ƙiftawar ido.

Manyan kamfanoni sun san haka, ko da yake ba kullum suke dacewa ba. A 2022 MTN ya rage tarkacen tambarinsa, amma ya bar ruwan ɗorawar da aka san shi da ita, don haka masu layinsa ba su ɓata ba. Google kuwa a 2020 ya zuba launuka huɗu iri ɗaya a tambarin Gmail da Drive da Meet da Calendar, mutane suka yi ta kukan sun kasa bambanta su. Twitter ya jefar da tsuntsunsa a 2023 ya koma X, amma har yau bakin jama'a bai saki tsohon suna ba, kamar yadda aka daɗe ana cewa Etisalat bayan ya koma 9mobile a 2017. Sauƙin zane yana da amfani ne idan ya bar wa mutum abin da zai riƙe. Idan aka goge komai har tambura suka zama kamar 'yan gida ɗaya, an buɗe wa ɗan damfara ƙofa, domin kwaikwayon launi da da'ira ba ya masa wuya.

Matasan da ke zana tambari da Canva ko PixelLab a wayoyinsu su ne suka fi buƙatar wannan darasi. Sau da yawa mai shago ne ke matsa musu: a sa taswirar Najeriya, a sa tauraro, a sa hannu biyu suna musafaha, a ƙara lambar waya da dogon take da Turanci. A jikin bana abin yana da kyau. Da zarar an mayar da shi hoton WhatsApp, sai ya koma kamar ɗigon tawada. Hakkin mai zane ne ya faɗa wa mai kuɗi gaskiya, ko da zai rage masa ɗoki.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A ƙanƙance tambarin ya koma girman ƙwayar gyaɗa, a buga shi baƙi da fari kamar yadda zai fito a rasit, sannan a nuna wa wanda bai yi boko ba na daƙiƙa biyu. Idan washegari ya iya kwatanta shi da baki, aiki ya yi. Su kuma bankuna da kamfanonin kuɗi na waya, duk ranar da za su taɓa launi ko siffar tambarinsu, wajibi ne su sanar da Hausa a rediyo da bakin wakilansu na POS tun kafin sabon ya bayyana a wayoyi. Manomin Kibiya da ya sayar da buhun masara ya amshi kuɗinsa a koren nan, yana da hakkin ya wayi gari ya tarar da koren a inda ya bar shi.